Neman kalma: me za mu kira "motor" na ƙaramar roka?

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina neman taimakon masu harshe. Ɗana mai shekara 11 ya shiga wata ƙungiyar yara a nan Amurka inda muke zaune, suna harhaɗa ƙananan rokoki na kwali da roba, su je fili su harba. Ranar Asabar Hajiya ta kira daga gida, yaron ya ce mata, "Hajiya, za mu je sayen motar roka." Ta ce ya ba ni wayar, ta tambaye ni wace irin mota ce za a saya wa yaron da bai gama firamare ba. Yaron bai yi laifi ba, Bature "motor" yake cewa. Mu kuwa mun riga mun ba mota ƙafa huɗu da direba, ba za ta sake zama wani abu ba.

Ga yadda abin yake, don mu san me muke raɗa wa suna. Ɗan bututu ne na takarda mai kauri, tsawonsa milimita 70, kaurinsa milimita 18, kamar yatsan babban mutum. Gindinsa an toshe da yumɓu an bar ƙaramin rami. A ciki akwai albarushi da aka danne da inji har ya zama kamar dutse. A bisansa akwai wani haɗi mai ci a hankali yana hayaƙi, sai kuma ɗan albarushi kaɗan a can sama wanda ke tunkuɗo hular roka, lemar da ke sauko da ita a hankali ta fito. Ana zura shi ta gindin roka, a kunna da batir daga nesa. Sau ɗaya yake aiki. In roka ta sauko a zare shi a yar, a sa sabo.

Amsar wani malamin kimiyya daga Zariya:
Alhaji, me zai hana mu ce injin roka? Kowa ya san inji, kuma ko a Turanci wasu "engine" suke cewa.

Malam, na gode, kuma da shi na fara. Amma ka ce wa Bahaushe inji, abin da zai zo masa shi ne injin niƙa ko na ban ruwa: ƙarfe, mai, fistin, makanike. Zai ɗauka abu ne da ake gyarawa in ya lalace. Wannan kuwa babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma babbar dokarsa ita ce kada a buɗe shi, kada a gyara shi. Inji ya dace da manyan rokoki masu famfo da ruwan makamashi, irin waɗanda ke kai kumbo sama. A nan ya yi nauyi.

Wani ya ce harsashin roka. Wannan ban ma tsaya a kansa ba. Kalmar roka kanta a kunnen mutanenmu makami ce, daga labaran yaƙi muka fi jin ta. In muka haɗa ta da harsashi, babu uban da zai bar ɗansa ya matso.

Amsar wani dattijo daga Katsina:
Ɗana, abin da ka kwatanta ai ɗuri ne. Mu da muka taso muna ganin masu bindigar sarki ranar hawan Sallah mun san shi. A ɗura albarushi, a danna, a buga sau ɗaya, a sake ɗurawa. Ka ce ɗurin roka, ka huta.

Baba, wallahi kalmarka ta fi kowace daɗi a baki, kuma Hausa ce tsantsa. Kwana biyu ina juya ta. Ga abin da ya hana ni ɗauka. Ɗuri aiki ne da mutum ke yi da hannunsa. Duk yaron da ya ji ɗurin roka zai fahimci cewa shi ne zai nemo albarushi ya ɗura. To wannan shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro ɗan bututun nan don a hana.

A shekarun 1950, musamman bayan Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Sputnik a 1957, samari a Amurka suka rinƙa cusa sinadarai a bututun ƙarfe a bayan gida suna son su yi roka. Wasu sun rasa yatsu, wasu idanu, wasu rai. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta, shi ya fito da dabarar a 1954: a bar wa ƙwararru haɗa albarushi a masana'anta, yaro ya tsaya kan yanka kwali da manna fikafikai. Ya aika samfuri ga G. Harry Stine, wanda ke aiki a filin gwajin makamai na White Sands, Stine kuma ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1957. Sai Vernon Estes ya ƙera injin da ke danna albarushin ba tare da hannun mutum ba, ya kafa kamfanin Estes a 1958. Har gobe dokar ƙungiyar tana cewa a yi amfani da wanda aka sayo a rufe kawai, a tsaya aƙalla ƙafa 15 daga wurin harbi. Ina son sunan da za mu sa ya riƙe wannan amana, Baba, kada ya warware ta.

Ga tawa shawarar: kwanson turi.

Kwanso saboda abu ne rufaffe mai ɗauke da wani abu a ciki, kuma makomarsa bola in an gama, kamar kwanson gyaɗa. Turi saboda aikinsa ke nan, iskar wuta ta fita ta ƙasa, roka ta turu sama.

Amsar wata malamar Hausa daga Damagaram:
Yaya, ina da ja. Mu a nan in an ce kwanso, wanda babu komai a ciki ake nufi. Wa zai ba da kuɗi ya sayi kwanso?

Ƙanwata, jan naki yana kan hanya. Amma gyaɗa tana cikin kwansonta tun kafin a ɓare, kuma kalmar turi ita ke nuna akwai abu a ciki. In ya ƙone sai mu ce kwanso kawai. Kin ga mun sami suna biyu ke nan, na mai rai da na matacce.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne kalmar turi tana buɗe rubutun da ke jikin kwanson, wanda shi ne wurin da sabon shiga ke rikicewa in ya je saye. Za ka ga an rubuta C6-5. Harafin yana nuna jimlar turin da ke ciki, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninkin A, C ninkin B. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turi ce a ma'aunin niyuton. Lamba 5 kuwa jinkiri ce, daƙiƙoƙin da za su wuce bayan turi ya ƙare kafin lema ta fito. Turin kansa bai kai daƙiƙa biyu ba, sauran tafiyar duk da saurin da roka ta samu take yin ta.

Jinkirin nan shi ne gwanintar zaɓe. In ya yi gajere, lema za ta buɗe roka na tsaka da gudu, igiyoyi su tsinke. In ya yi tsawo, roka ta riga ta juyo da kai ƙasa. Shi ya sa roka mai nauyi ke son C6-3, mara nauyi C6-7. Mai sifili a ƙarshe, C6-0, na roka mai hawa biyu ne, aikinsa ya kunna na sama, ba ya jira. Rokar ɗana Alpha III ce, mun fara da A8-3 don mu ga yadda take tashi kafin mu ƙara mata ƙarfi.

Malamin Zariya ya dawo:
Alhaji, na gwada a aji yau. Na ce musu, "A duba jinkirin kwanson turi kafin a sa, kada a buɗe shi, in ya ƙone a yar da kwanson." Babu wanda ya ɗaga hannu ya tambaye ni ma'ana. Na karɓa. Saura ka samo mana sunan takardar nan mara cin wuta da ake cusawa tsakanin kwanso da lema.

Malam, tana gabana yanzu haka. Ni dai garkuwar lema nake ce mata a gida, amma ina jiran ta bakin Baba.