Tsakanin Samsung Galaxy A15 da Tecno Spark 20 Pro, wacce ta fi dacewa da mai sana'ar sayar da tufafi?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar waya, domin ina shirin sauya wadda nake riƙe da ita, kuma kuɗin da na ware ba za su kai ni ga manyan wayoyi ba. Bayan tambayoyin da na yi a kasuwar Farm Centre da ke nan Kano, zaɓina ya tsaya a kan guda biyu waɗanda farashinsu bai yi wa juna nisa ba, wato Samsung Galaxy A15 da Tecno Spark 20 Pro.

Sana'ata ita ce sarar atamfa da leshi da shadda daga Kantin Kwari, in ɗauki hotunansu in ɗora a WhatsApp, masu so su zaɓa su turo kuɗi ta banki. Saboda haka abin da ya fi damuna shi ne hoto ya fito da ainihin launin kaya, wayar ta iya ɗaukar hotuna masu yawa ba tare da ta riƙa daskarewa ba, sannan cajinta ya kai ni yamma, tunda wuta ba ta samuwa a unguwarmu yadda ake so. Ba na son wayar da zan sake neman wata bayan shekara guda. Burina ta yi mini shekara uku ko fiye. Mai shagon da na fara tambaya ya ce Tecno ɗin ta fi, domin kyamararta megafiksel 108 ce alhali ta Samsung 50 ce, amma maigidana ya fi karkata ga Samsung. Don Allah wanda ya san su da kyau ya yi mini bayani.

Mai Gyara Kano ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni sana'ata gyaran waya ce, kuma duka biyun suna ratsa hannuna, don haka zan faɗa miki abin da nake gani daga ciki. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne injin da ke tafiyar da su iri ɗaya ne, wato Helio G99 na kamfanin MediaTek, kuma batirinsu ma girmansa ɗaya, mAh 5000. Dukansu sun fito ne a ƙarshen shekarar 2023, kuma dukansu a 4G suka tsaya. Duk wanda ya ce miki ɗaya ta ninka ɗaya gudu, ciniki kawai yake nema.

Inda suka bambanta a zahiri shi ne RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe, da kuma ma'adana. Spark 20 Pro tana zuwa da RAM giga 8 da ma'adana giga 256. Ita kuwa A15 kala-kala ce: akwai mai RAM giga 4, akwai mai 6, akwai mai 8, kuma wadda ake yawan miƙo wa mai neman sauƙi ita ce mai giga 4 da ma'adana 128. A nan ne nake so ki buɗe ido, domin mai sana'a irin taki tana tsalle ne daga kyamara zuwa WhatsApp, daga nan zuwa manhajar banki don duba shigar kuɗi, sannan ta dawo ta ci gaba da ciniki. Waya mai giga 4 za ta riƙa rufe manhajar da kika bari a baya, sai kin jira ta sake buɗewa daga farko, kuma abin ƙaruwa yake yi yayin da ma'adana ke cika. Idan mai giga 4 ce aka yi miki tayinta, to ni dai Tecno zan ce ki ɗauka. Kada kuma lissafin "8+8" da ake rubutawa a jikin kwali ya ruɗe ki. Takwas na biyun aro ne daga ma'adana, saurinsa bai kai na RAM na gaskiya ba, kuma Samsung ma tana da irin wannan dabarar.

Sai maganar fuska, wadda ita ce ta fi kawo mana mutane shago. Fuskar A15 AMOLED ce mai inci 6.5, baƙinta baƙi ne wuluk, launukanta suna da ƙarfi, kuma ana iya karanta rubutu a kanta ko a tsakar rana. Ta Spark 20 Pro kuwa LCD ce mai inci 6.78, ta fi faɗi, ta fi santsin tafiya idan ana jan shafi, amma ba ta kai waccan kyan launi ba. Sai dai ranar da waya ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, lissafin juyawa yake yi. Asalin fuskar AMOLED tana da tsada sosai idan aka kwatanta da kuɗin wayar, shi ya sa mutane da yawa suke cewa a saka musu ta LCD mai araha, daga nan kuma kyan da aka sayi wayar dominsa ya tafi, hasken ya ragu, cajin ya riƙa saurin sauka. Kayan gyaran Tecno sun fi yawa a kasuwa, sun fi sauƙi, ga kuma cibiyoyin Carlcare da ke kula da Tecno da Infinix da itel, tunda duka ukun na kamfanin Transsion ne.

Ki kuma saka kuɗin caja a lissafinki. Tecno tana zuwa da cajarta mai wat 33 a cikin kwali, A15 kuwa igiya kawai za ki tarar, sai kin sayi kan caja mai wat 25 daban, kuma jabunsa sun cika kasuwa.

Anti Bilki Mai Leshi ta amsa:

'Yar'uwa, sana'armu ɗaya, don haka a kan hoto kawai zan yi magana. Ki ajiye batun 108 da 50 a gefe. Duka wayoyin ba sa ba ki hoto mai wannan adadin sai kin shiga kin zaɓa da kanki. Abin da suke yi shi ne haɗe ƙananan ɗigo su zama ɗaya, sai hoton ya tsaya a wajen megafiksel 12 a kowacce. Bayan haka WhatsApp zai sake matse shi kafin ya isa ga mai saye. Abin da zai amfane ki shi ne ki riƙa danna alamar HD kafin ki tura, idan kuma leshi ne mai ƙananan duwatsu ko shadda mai zanen da ba ya fitowa sosai, ki tura shi a matsayin fayil, domin ta haka ne ba a rage masa komai.

Launi kuwa haske ne yake yanke hukuncinsa fiye da waya. Ki shimfiɗa kayan a inuwa kusa da ƙofa da hantsi, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ba kuma a cikin rana tsaka ba. Launukan da suka fi ba mu wahala su ne ruwan goro da shuɗi mai duhu da ruwan hoda, waɗanda waya kan ƙara musu ƙarfi har mai saye ta karɓi kaya ta ce ba shi ta zaɓa ba. Akwai wani abu da ya kamata ki lura da shi idan Samsung kika ɗauka: fuskarta tana ƙawata launi, sai ki ga atamfa tana sheƙi a hannunki, alhali a wayar wadda kika tura wa ba haka ta fito ba. Ki shiga saitin fuska ki mayar da launin zuwa na asali, don abin da kike gani ya yi kusa da abin da suke gani.

Shawarata ita ce ki tafi shagon da turmin atamfa guda a jakarki, wadda kika san launinta yana da wuyar ɗauka, ki roƙi a ba ki wayoyin gwaji ki ɗauke ta da kowacce, sannan ki tura hotunan biyu zuwa tsohuwar wayarki ki kwatanta su a fuska ɗaya. Gani ya kori ji. A nawa idon, hoton Samsung ya fi tsayawa kusa da launin gaskiya, na Tecno kuma ya fi haske, musamman kyamarar gaba mai megafiksel 32, wadda za ta yi miki amfani idan kina yin bidiyo kina nuna kaya da kanki.

Malam Sada ya amsa:

Na karanta bayanin mai gyara, kuma na yarda da kusan duk abin da ya faɗa, amma ina ganin akwai jimla guda a tambayar Hajiya da ba a ba ta haƙƙinta ba, wato cewa tana so wayar ta yi mata shekara uku ko fiye, kuma a cikinta take karɓar kuɗin jama'a. Wannan ya sa batun sabunta manhaja ya zama babba, ba abin ado ba. A15 ta fito da Android 14, kuma Samsung ya yi alkawarin ɗaga ta zuwa sabon Android har sau huɗu, tare da gyare-gyaren tsaro na shekara biyar, wanda ke nufin za a ci gaba da toshe mata kafofin kutse har zuwa wajen ƙarshen 2028. Spark 20 Pro ta fito ne da Android 13, kuma ba ta zo da alkawari mai tsawon wannan ba. A shekarar farko ba za a ji bambancin ba. A ta uku da ta huɗu ne zai bayyana, lokacin da manhajojin banki suka fara neman sabon tsari, ko aka gano wata ɓaraka da ɓarayin intanet ke bi, wata wayar ta samu gyara wata kuma ba ta samu ba.

Haka nan wayoyin Tecno sukan zo da manhajoji da dama da aka riga aka saka, wasunsu suna turo tallace-tallace da sanarwa. Ana iya kashe yawancinsu a saiti, kuma ba laifi ba ne babba, amma mai sana'a da ke jiran saƙon shigar kuɗi ba ta buƙatar sanarwa goma suna rufe mata wanda take jira. Samsung ma ba ta rasa nata ba, sai dai sun fi sauƙin kawarwa.

Inda na tsaya shi ne, idan za ki iya ƙara abin da ya sawwaƙa ki ɗauki A15 mai RAM giga 6 ko 8, ita ce ta fi dacewa da niyyarki ta daɗewa da waya. Tsadar fuskarta gaskiya ce, amma maganinta riga mai kauri da gilashin kariya tun ranar farko, kafin ma ki fito daga shagon. Idan kuwa mai giga 4 ce kaɗai kuɗinki za su iya, to ina tare da mai gyara, domin alkawarin sabuntawa ba zai amfani wayar da kowane sabon Android zai ƙara mata nauyi ba.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na kira mai shagon na tambaye shi, ya tabbatar mini cewa farashin da ya ba ni na mai giga 4 ne, mai giga 6 kuma akwai ƙari a kai, ga kuma kuɗin caja. Zan iya jinkirta sayen zuwa ƙarshen wata in cika. Abin da ya rage mini shi ne ma'adana: layi biyu nake amfani da su, ɗaya na kasuwanci ɗaya na gida, kuma bidiyon kaya suna cika mini waya da wuri. Shin giga 128 za ta ishe ni idan na ƙara da katin memori? Sannan ta yaya zan tabbatar sabuwa aka ba ni ba wadda aka sake naɗewa ba?

Mai Gyara Kano ya sake amsawa:

Hajiya, wannan tambayar tana da muhimmanci, domin a A15 gurbin katin memori shi ne gurbin layi na biyu, wato ko dai layi biyu, ko layi ɗaya da kati. Spark 20 Pro kuwa tana ɗaukar layi biyu da kati a lokaci guda. Ki sa a zaro miki farantin layin ki gani da idonki kafin ki biya. Tunda ba za ki iya ajiye layi ɗaya ba, ki ɗauka cewa giga 128 ɗin ita ce iyakarki, kuma tsarin wayar da kansa zai ci wani kaso daga ciki. Za ta ishe ki idan kika hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon rukunoni da kansa, kina kuma goge hotunan kayan da suka ƙare duk ƙarshen wata. Idan kin san ba za ki juri wannan ba, ki tambayi farashin A15 mai giga 256, in ya yi nisa ki koma kan Tecno da zuciya ɗaya, ba za ki yi asara ba.

Game da tabbatar da sabuwa, kada ki karɓi kwalin da aka buɗe a bayan idonki. Bayan an kunna wayar, ki danna *#06#, lambobin IMEI, wato lambobin shaidar wayar, za su fito, ki gwada su da waɗanda ke jikin kwalin, sannan ki sa a rubuta su a rasit tare da ranar saye da hatimin shago, domin da wannan rasit ɗin ne za ki nemi garanti. Ki shiga saiti ki duba RAM da ma'adana da kanki maimakon dogaro da takardar da aka manna. Ki saka layukanki biyu ki kira wani, ki gwada sifika da madannin yatsa da ke gefe, ki kuma jona caja ki ga ta nuna tana caji mai sauri. Idan Samsung ɗin kika tsayar, ki sayi kan cajar a babban shagon da ke ba da rasit, ba a kan tebur ba, ki gwada shi a wurin kafin ki tafi.