Ekong ya ajiye rigar ƙasa: wane wasansa ne ya tsaya maka a rai?

Lamba Biyar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da ɗan baya kuma kyaftin William Troost-Ekong ya sanar a Disambar 2025 cewa ya daina buga wa Najeriya nake son mu yi wannan hira. Ni ma baya na buga shekara da shekaru a ƙungiyar unguwa, na san rabon ɗan baya: ya tare ƙwallo ashirin ba mai ce masa sannu, ɗaya ta kuɓuce masa, sunansa ya shiga bakin kowa. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, a fili ko a gaban talabijin.

Nawa kwana huɗu ne a Yulin 2019, gasar Afirka a Masar. Ranar 10 ga wata muna ɗaya da ɗaya da Afirka ta Kudu, minti na 89 aka bugo kwana, gola ya fito bai kama ba, Ekong ya tura ta raga. Gidan kallonmu har benci ya karye. Ranar 14, wasan kusa da na ƙarshe da Aljeriya, Mahrez ya kwaso ta daga dama, ta bugi jikin Ekong ta shige gidanmu. Mutumin da ya rungume ni ranar Laraba saboda murnar Ekong, shi ne ranar Lahadi yake zaginsa har da iyaye. Na tashi na fita waje, don na taɓa cin gida, na san yadda ƙafa take yin nauyi bayanta. Shi kuwa ya tsaya ya ƙarasa wasan, kuma ba ƙwallonsa ce ta fitar da mu ba, bugun tazarar Mahrez ne a minti na ƙarshe.

Dattijon Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni na ga farkonsa. Yunin 2015, filin Ahmadu Bello, wasan neman gurbi da Chadi, muka ci biyu da nema. Marigayi Stephen Keshi ne koci, kuma shi ma ɗan baya ne a zamaninsa, ya san abin da yake nema. A inda nake zaune babu wanda ya san yaron. Sai tambaya ake yi, wannan dogon farin daga ina? Daga baya muka ji a Haarlem ta Holan aka haife shi a 1993, uwa 'yar can, uba ɗan Najeriya, har ya buga wa matasan Holan. Abin da na riƙe ranar shi ne bakinsa ba ya rufuwa. Sabon shiga, amma yana nuna wa na gefensa wurin tsayuwa da hannu. Na ce wa abokin zamana, wannan in ya daɗe zai ɗaura ƙyallen kyaftin.

Kocin Yara:
Baba ya taɓo inda nake so. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma tarihin kulob ɗin Ekong nake karanta musu, ba na manyan taurari ba. Ya taso a makarantar Tottenham bai samu shiga babbar ƙungiya ba. Ya koma Groningen, aka ba da shi aro Dordrecht. Gent ta Beljiyam ta saye shi, ita ma ta tura shi aro Haugesund, can Norway. Sai Bursaspor a Turkiyya a 2017, Udinese a Italiya a 2018, Watford a 2020, inda suka hau gasar Firimiya a 2021. Kofin lig bai zo hannunsa ba sai 2024 da PAOK ta Girka, yana da shekara 30, daga nan ya wuce Al-Kholood a Saudiyya.

Akwai wani yarona, lamba huɗu, da aka sallama a gwajin wata makarantar ƙwallo. Sati biyu bai zo atisaye ba. Na je har gida, na zauna da shi a zaure, na jera masa waɗannan ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya a bayan takardar makarantarsa. Ya ƙirga ƙasashen da yatsa, ya ce, "Koc, duk wannan yawon kafin ya zama kyaftin?" Washegari ya riga kowa zuwa fili.

Ɗan Gaskiya:
Ku yi haƙuri, ni ba yabo zalla zan kawo ba. Ina cikin filin Abuja ranar 29 ga Maris 2022, da Ghana. Partey ya ci mu da wuri, Ekong ya farke da fenareti, aka tashi ɗaya da ɗaya, dokar fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin hamayya ta hana mu zuwa gasar kofin duniya a Qatar. Na yaba da ƙarfin zuciyarsa, don ɗaukar wannan bugu a gaban cikakken fili ba aikin kowa ba ne. Amma Ekong ba shi da gudun da zai kamo ɗan gaba in an jefa ƙwallo bayansa, kuma fitar da ita daga baya da ƙafa ba nan ƙarfinsa yake ba. Shi ya sa ya fi haskawa da koci Peseiro ya sa mutum uku a baya a gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a 2024, Ajayi da Bassey suna rufe masa gefe. A wasan ƙarshe na gasar ma, Ekong ne Haller na Kwaddibuwa ya riga kai ƙafa ga ƙwallon da ta ba su nasara.

Lamba Biyar:
Malam, ban musa ba. Amma ka tuna da ciwon cinya ya ƙarasa gasar, har sai da aka yi masa aiki bayanta.

Maman Sadauki:
Ni ban san lamba huɗu da biyar ba, ta dalilin ɗana na shiga kallo. Daren wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, 11 ga Fabrairun 2024, aka ɗauke wuta, muka jingina waya da kofin shayi, ni da shi a tabarma. Duk gasar Kwaddibuwa yana ba ni labari: Ekong ne ya ci masu masaukin baƙi da fenareti a rukuni, ya sake ci a kan Afirka ta Kudu. Da ya tashi sama a minti na 38 ya sa kai ta shiga, yaron nan ya yi tsalle ya ture wayar, sai da muka lalubo ta a duhu. Bayan hutu Kessié ya farke, Haller ya ƙara a minti na 81.

Na ce ya tashi ya kwanta, gobe makaranta. Ya ƙi, hawaye na zuba, wai sai ya ga rabon kyaututtuka. Aka kira Ekong gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya, ya karɓa fuskarsa ba walwala. Ɗana ya share ido ya ce, "Mama, ɗan baya fa aka ba." A ƙungiyarsu ta makaranta baya ake sa shi, kullum yana ƙorafi yana son gaba. Tun daga makon bai sake roƙon a canja masa wuri ba, rigar ma da na saya masa cewa ya yi a buga mata lamba 5.