Baba na ganin layi a karkace amma ya karanta allon likita

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku taimaka. Babanmu ya haura shekara 60, kwanakin nan in ya buɗe Alƙur'ani sai ya ce layukan sun lanƙwashe a idon dama, har ƙyauren ɗaki a karkace yake ganinsa. Mun kai shi asibiti ya karanta haruffan allo kusan har ƙasa amma dokotoro ya ce wata 'yar fata siririya ta fito bisa tsakiyar retina, wato shimfiɗar da ke karɓar haske can bayan ido. To tunda yana karanta allo, ta yaya za mu gane ko abin na ƙaruwa?

Ma'aikacin ido, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Allon nan na mita 6 ƙanƙantar harafi kawai yake aunawa, ba ya auna karkacewa, shi ya sa sai ka ga mutum ya ci 6/9, wato ya karanta allon kusan har ƙasa, amma karatu ya gagare shi. Fatar tana jan makula ne tana tattare ta, wato tsakiyar retinar, wurin da ke ganin abin da ka zuba wa ido. Ku nemi takardar Amsler, murabba'i ce ta santimita 10 mai layuka irin na kayen lissafi da ɗigo a tsakiya. Ya sa tabaraunsa na karatu, ya rufe ido ɗaya, wannan shi ne muhimmi don mai lafiyar yana rufa wa ɗayan asiri, ya riƙe ta wajen santimita 30 ya kafe ido kan ɗigon, duk inda layi ya lanƙwashe ko ya ɓace ku zagaye da biro ku sa kwanan wata, kowane sati. Kaurin wurin kuma hoton OCT ne ke nuna shi, wato hoton retina da na'ura ke ɗauka, ba zafi, ba a taɓa idon.

Hajiya, Garin Malam:
Wannan ba ita ce yanar ido ba? Innata aka cire mata ta warke sarai.

Ma'aikacin ido, Sabon Gari:
A'a Hajiya, ita yanar ido ta wajen gaban ido take, wannan can ciki ne kuma maganin ɗigawa ba ya cire ta. Da yawa ba a yi musu aiki, bibiya ake yi, sai in karkacewar ta hana mutum harkokinsa sannan ƙwararren likitan retina ya ɓare ta. In Baba na da ciwon suga ku faɗa wa likita. In kuma ya ga walƙiya ko duhu kamar labule ya rufo gefe, ku kai shi asibiti a ranar.