Dim na gefen direba ya mutu: in canza ƙwan da kaina ko in jira mai wayarin?

Baban Hanif, Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Corolla ce da ni, ta 2005, 'yar Amurka. Daren jiya ina dawowa daga Sabon Gari na tsaya bayan wata bas a Kwangila, sai na ga haske guda ɗaya tak a jikin ƙofarta ta baya. Na sauka na duba, ashe dim na gefen direba ne ya mutu, amma in na ɗaga ful duka biyun suna kamawa. Ranar Alhamis zan kai Hajiyarmu filin jirgi a Kano, za ta Umara, dole mu bar Zariya kafin asuba, ga hazon nan da ya sauko. Mai wayarin ɗin da na saba da shi ya tafi garinsu biki sai mako mai zuwa. In sayi ƙwan in sa da kaina a gida, ko ganganci ne? Ni iyakacina duba mai da ruwa. Kuma nawa ake sayar da shi yanzu?

Direban Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Malam wannan ai ba aiki ba ne. Buɗe bonet, zare soket, cire robar nan baƙa, za ka ga 'yar waya ta danne ƙwan, ɓalle ta. H4 za ka ce a ba ka, mai ƙafa uku. 2,500 na saya a Sabon Gari.

Injiniyan Palladan:
Oga Direba, naka bayanin na Golf ne. Mutumin nan Corolla ya ce. Baban Hanif, tunda 'yar Amurka ce, dim da ful ƙwai daban-daban ne, dim 9006, ful 9005, shi ya sa ɗaya ya mutu ɗayan na aiki. Babu wata waya da za ka ɓalle. Ka kashe mota da fitila, ka bari ya huce, ka sa hannu ta bayan fitilar ka murɗa gindin ƙwan zuwa hagu kaɗan, zai fito da wayarsa, sai ka danna 'yar kunnen soket ɗin ka raba su. Gefen direba da matsi saboda batir yana wajen, za ka ɗan kuje hannu. Amma kafin ka kashe ko sisi, buɗe akwatin fis da ke kusa da batir, kowane gefe da nasa fis. In fis ɗin lafiya, ɗaga tsohon ƙwan a haske, za ka ga zaren cikinsa ya tsinke ko gilashin ya yi baƙi. Ka tafi da shi kasuwa a hannunka. Sabon kuma kar yatsanka ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu yana sa wajen ya ɗau zafi fiye da kima ya ƙone da wuri. Ta gindi ake riƙe shi.

Alhajin Tudun Wada:
Ɗana, ka yi da hannunka ko da zai kai ka wuni guda. Ni ƙwai ɗaya ne ya kusa kashe ni da iyalina. Bara waccan, ana jibi Sallah Babba, na kai motata wajen wani yaro saboda ido ɗaya ya mutu, kamar naka. Na bar masa makulli na tafi masallaci. Da na dawo ya ce Alhaji na sa maka mai ƙarfi, wat 100, duka biyun na canza, yanzu ko allura ce ta faɗi a titi za ka gani. Na ji daɗi har na ƙara masa na goro. Kwana biyu haske kamar rana. Ranar da muka taso daga Kano bayan isha'i, ni da uwargida da jikoki uku, mun wuce Tashar Yari kaɗan sai na fara jin ƙaurin roba. Na ce ko wata tirela ce ke cin birki a gaba. Kafin in rufe baki, ɗif. Duka biyun. Ga mota na gudu, ga duhu kamar an kife mana ƙwarya. Da ikon Allah kawai na gangara gefe. Uwargida ce ta leƙo ta taga da tocilan ɗin wayarta tana haska farin layin bakin titi, ina tafiya kamar mai rakiyar gawa, yaran suna kuka a baya, har muka samu wajen masu shayi muka kwana a mota. Da safe aka buɗe, soket biyun sun narke sun manne da ƙwan kamar alewa, fis kuma ya cire ya naɗa siririyar waya a madadinsa don kar ya riƙa yankewa. Gyaran ya ci mini kuɗin rago ƙarami. Na koma wajensa, buɗar bakinsa sai ya ce wayoyin motar ne suka tsufa. Har yau in na bi ta layin nan ba na kallon ɓangaren shagon.

Maman Ikram, Hanwa:
Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Baba. Su Hajiya sun ga tashin hankali.

Injiniyan Palladan:
Ranka ya daɗe abin da ya faru a fili yake. Ƙwan wat 55 yana jan wajen amfiya huɗu da rabi, na wat 100 yana jan fiye da takwas. Wayar da soket ɗin ba a yi su don wannan nauyin ba. Fis shi ne mai gadin, shi kuma yaron ya kore shi.

Direban Funtuwa:
Injiniya da lissafi. Shekara 19 ina kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, wat 100 nake sawa, ban taɓa ƙona ko tsinke ba. Rile ake ƙara masa, ɗan makunnin nan da ke ɗauko wa ƙwan wuta kai tsaye daga batir. Yaron ne bai iya ba. Kuma zancen kar a taɓa gilashi, ni da hannun da na ci ƙosai nake sawa.

Injiniyan Palladan:
To sau nawa kake canza ƙwai a shekara?

Direban Funtuwa:
Wannan kuma tsakanina da aljihuna ne.

Bakanon Kongo:
Zage-zagi ke nan. Ƙwai ɗaya ya tara malamai sun buɗe darasi. Baban Hanif ka lallaɓo da ido ɗayan, in ka iso Kano yaro ɗan shekara goma zai sa maka a Ƙofar Ruwa kafin ka gama shan kunu. Ku da kuke cewa "mota na ya mutu", ina za ku gane mace da namiji a soket.

Alhajin Tudun Wada:
Kai Bakano, yaron da ya ƙona mini mota ma a wajenku ya ce ya koyi aiki.

Maman Ikram, Hanwa:
Baban Hanif ni mace ce kuma na canza nawa da kaina, maigida yana Kaduna lokacin. Corolla ce irin taka. Abin da ya ba ni wuya kawai mayar da shi, don kunnuwan nan uku ba sa shiga sai sun dace da gurbinsu. Na farko na tura shi a karkace, da dare na ga hasken yana duban saman bishiyar maƙwabta. Sai na fuskanci katangar gida na kunna, na gwada da ɗaya gefen, na sake zaunar da shi har suka yi daidai. 6,000 aka sayar mini a PZ, Osram, cikin kwalinsa.

Ɗan Gyallesu:
Hajiya an yi miki tsada, ko kuma kwalin kika saya. Ni 3,500 na sayi wanda aka ciro daga motar Beljiyam, wata takwas ke nan yana nan. Sababbin nan na kwali akwai jabu a cikinsu, sunan ne kawai a jiki.

Maman Ikram, Hanwa:
Tsohon ƙwai ai ba ka san kwanakin da suka rage masa ba, Malam.

Mai Kayan Mota, Sabon Gari:
Duk ku bar wahalar da kanku. Waye yake sa ƙwai mai ruwan ɗorawa a wannan zamanin? LED fari tas, biyu 18,000, ba ya cin batir, ba ya narka soket. Baban Hanif ka zo in rage maka.

Malamin Firamare, Basawa:
Yawwa, ga su nan sun fito. Don Allah Malam ku ji tsoron Allah da fararen fitilun nan. Ni a babur nake, kullum bayan magariba ina bin hanyar Samaru. In mai irin wannan fitilar ya taho, wallahi sai na tsaya cak, don ba na ganin rami, ba na ganin mai tafiya a ƙasa, kuma bayan ya wuce sai na yi ta ganin kore-kore a idona. Watan jiya saura ƙiris in hau kan wata baiwar Allah mai tallan gyaɗa wajen Zango. Ka yi masa alama ya rage, shi kuma a dim ɗin ma yake.

Injiniyan Palladan:
Gaskiyar Malam ce. Madubin cikin fitilar an ƙera shi ne don zaren ƙwan asali, a daidai inda yake zaune. In ka sa LED hasken yana fitowa daga wani gurbi daban, sai ya watse sama ya shiga idon mai tahowa. A hazo ma ya fi muni, farin bango kawai za ka gani a gabanka.

Mai Kayan Mota, Sabon Gari:
Saiti ne ba a yi musu. Kuma ku fara yi wa masu tirela da 'yan A Daidaita magana, su da ke jera fitila shida a goshi.

Direban Funtuwa:
Nan kam na yarda da kai. In ba ka da haske mai ƙarfi manyan motoci ba sa ganin girmanka. Ka ba su dim su ba ka ful. Ni yanzu duk wanda ya kashe mini ido sai na rama.

Malamin Firamare, Basawa:
Ku rama a junanku, mu na tsakiya mu faɗa kwalbati.

Alhajin Tudun Wada:
Da can direba yana hango ka zai sauke fitila, har ya ɗaga maka hannu. Yanzu yara ne da ba su san ma mene ne dim ba.

Baban Hanif, Samaru:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na duba fis lafiyarsa ƙalau, na ciro ƙwan, zaren ya tsinke, bayan hannuna kuma ya sha kuja kamar yadda Injiniya ya faɗa. To yanzu guda ɗaya zan saya ko in canza duka biyun? Kuma ta yaya ake gane na gaske a kwali?

Ɗan Gyallesu:
Ɗaya mana, kuɗin Umara bai ishe ka ba?

Bakanon Kongo:
A ce wa Hajiya ta sa mu a addu'a. Malamin Firamare, fitilar babur ɗinka fa, ita wace iri ce?