Wace filtar ND zan saya, aljihu ba nauyi?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan zaure. Bidiyon da nake ɗauka a waje fari fat yake fitowa in na bar shota a 1/50. An ce in nemi ND, wato filtar da ke rage hasken da ke shiga lens. Mai juyawa zan saya, wadda ake murɗawa a ƙara ko a rage duhunta, ko mai lamba ɗaya? Lens biyu gare ni na Canon, 18-55 da 50mm STM. Kuɗin dai kun san yanayi.

Mai Sony: Wa'alaikumussalam. Sayi ta kamfanin K&F Concept mai juyawa, ka huta.

Kawun Zaure: Kar ka yi gaggawa, yaro, bari ka ji abin da ya same ni. Bara na ɗauko wata mai juyawa a shagon intanet, ko suna babu a jikinta, wai daga ND2 har ND400. Na tafi da ita kamu, tsakar gida, rana tsaka. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya. Sai da na zauna gaban kwamfuta na ga wani baƙin gicciye kwance a tsakiyar hoton, ga fuskar amarya ta koma kore-kore kamar an shafa mata kuka. Ita mai juyawa gilasai biyu ne masu tace haske aka ɗora wa juna, in ka murɗa ta ƙure sai gicciyen ya fito, ya fi muni in lens ɗin mai ɗaukar fili da faɗi ne kamar 18mm. Kwana uku ina gyaran kala, gicciyen kuwa ba ya gyaruwa, yanke wuraren na yi. Uwar amarya har yau ciki-ciki take amsa gaisuwata. In kuɗinka kaɗan ne ka sayi mai lamba ɗaya ta kirki.

Hajiyar Hoto: Kamar an shafa mata kuka 😂 Kawu Allah ya shirye ka.

Mai Sony: Kawu ai kai ka ƙure ta. Akwai masu birki yanzu, ba sa wuce iyaka.

Malam Lissafi: Ga lissafin. A rana tsaka, ISO 100 da shota 1/50 kusan f/22 suke nema, wato ƙofar lens a tsuke sosai. Daga nan zuwa f/2.8 mataki 6 ne, kowane mataki yana ninka haske, wato ND64 kake buƙata. ND8 mataki 3 kawai take ragewa, za ta kai ka f/8. ND1000 mataki 10 ce, ta masu son ruwan Gurara ya fito kamar madara, ba ta biki ba.

Sabon Shiga: To Malam sai na sayi biyu kenan? Bakin lens ɗin ba ɗaya ba ne.

Malam Lissafi: A'a. Duba cikin murfin, faɗin bakin ɗaya 58mm ne ɗaya 49mm. Sayi filta babba, ko 77, ka haɗa da zoben ƙari na kowane lens, wanda ke haɗa ƙaramin baki da babbar filta. Zoben araha ne. Hular lens ɗin ce dai ba za ta ƙara zama ba.

Ɗan Kwari: Ko ka je wajen mai walda ya yanko maka gilashi 😎

Hajiyar Hoto: Wannan ai angon ma kore zai fito.

Kawun Zaure: Ni dai filtar kamfanin Hoya na koma, ta hannu na samu, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Mai Sony: Mu masu S-Log, tsarin ɗaukar bidiyo na Sony da ke farawa daga ISO 800, ND64 ba ta ishe mu. Wannan lissafin 'yan Canon ne.

Ɗan Kwari: An fara. Kullum sai ka sako mana Sony, kai da batirinka ya mutu ana tsakiyar ɗaurin aure.

Mai Sony: Aron batiri na ba wani ranar, kuma ka san ko waye.

Sabon Shiga: To ND64 ɗin ko mai birkin?

Hajiyar Hoto: Wai wa ke riƙe da zoben 67 ɗina tun bikin Sallah? A dawo min da shi kafin Asabar, ina da aiki.