Tsofaffin ayyuka a takardar neman aiki

Bayan la'asar muka zauna a unguwar Nima ta Accra kan maganar wani yayanmu ɗan shekara 52, wanda yake ta kai takardu ba a kiransa. Yawanci sun ce ya tsaya kan ayyukan shekara 10 zuwa 15 na baya-bayan nan. Na da can, kamar riƙe littafin shago a kasuwar Makola, layi ɗaya ya wadatar. Sun kuma ce ya cire shekarar gama makaranta, ya fito da iya kwamfutarsa a sama. Wata hajiya ta ja kunne, kuma ina bayanta: kada ya kuskura ya rage shekaru, Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) da SSNIT (hukumar fansho) za su tona shi. In an tambayi shekarunsa, ya ce ritaya sai 60, da sauran lokaci a gabansa.