Neman shawara: zan iya kai Hajiyarmu hutu masaukin cikin hamada?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kai Hajiyarmu hutu wani ƙaramin masauki a cikin hamada, irin masu ɗakuna kaɗan ɗin nan da ke aiki da wutar sola, suna tattalin ruwa don kare muhalli. Ta daɗe tana marmarin wurin da babu hayaniya. Abin da ke damuna, tana da ciwon suga, allurar insulin take yi, kuma sun ce ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Don Allah a ba ni shawara kafin in biya kuɗi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni maganin ya fi damuna a kan ɗakin. Insulin ɗin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi kuma kada ya haura digiri 30. Sola na daina ba da wuta da faɗuwar rana, batir ne ke ɗaukar nauyin dare. To ka tambaye su ƙarara: firjinsu yana kwana a kunne? Kada a bar maganin cikin mota, kada kuma a ɗora shi kan ƙanƙara, don idan ya daskare ya lalace. Sannan ƙafarta. Masu suga da yawa ba sa jin zafi sosai a tafin ƙafa, rairayi zai iya ƙona ta ba ta sani ba, saboda haka kada ta taka shi ba takalmi. Ta riƙa shan ruwa tun ƙishi bai kama ta ba. Ku fara ganin likitanta.

Wani ɗan'uwa:
Rashin na'urar sanyi kada ya tsorata ka idan ginin ƙasa ne mai kauri. A Siwa ta ƙasar Masar da laka da gishiri suke gini, bangon ya tare zafin rana, sai dare ya sake shi a hankali. Tanti kam ban ba ka shawara ba, da rana ba ya zaunuwa. Abin da ke shammatar mutane shi ne sanyin dare, domin busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi. A Wadi Rum ta Jodan, cikin Janairu sanyin kan kai kusan digiri 0. Ku tafi mata da rigar sanyi.

Wata 'yar'uwa:
Ni dai a ganina, in asibiti ya yi nisa sosai, a haƙura da wurin. Ka tambayi ko mota da direba suna kwana a masaukin, kuma ko waya tana shiga. Ka nemi hoton banɗakin ma, wasu ba na ruwa ba ne, kuma yakan kasance nesa da ɗaki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wane lokaci ya fi dacewa?

Wani ɗan'uwa:
Ya danganta da hamadar. Sahara da ƙasashen Larabawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In Namib ce a kudancin Afirka, sanyinsu Yuni zuwa Agusta ne.